Kalmar Da Ba Ta Buƙatar Tafinta

Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar da ba a jin yarensa ya san daɗin yin gulma a gaban mai ita. Kana tsaye gaban mutum kana faɗin abin da ka ga dama a kansa, shi kuwa yana ta yi maka murmushi. Mu ɗaliban Nijeriya da muka yi karatu a Kartum mun saba da wannan har ya zame mana jiki. A mota, a kasuwa, a gindin bishiya wurin mata masu shayi, Hausa ce mayafinmu. Sau biyu iska ta yaye mini mayafin nan. Na farko abin dariya ne: na ce wa abokina kwandastan motar da muka shiga ɓarawo ne, sai kwandastan ya juyo ya ce, "Malam, canjinka na nan, bari mu wuce gada." Na manta cewa Sudan cike take da Hausawa. Na biyun shi ne dalilin wannan rubutu, kuma yau fiye da shekara goma ban ga abin dariya a cikinsa ba.

Na sauka Kartum a 2012, na shiga Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka, wadda muke kira Ifriƙiya a taƙaice. Ga wanda bai san wurin ba, garuruwa uku ne suka haɗu suka zama babban birnin Sudan: Kartum da Bahri da Umdurman. Kogin Nilu ya raba su, gadoji suka haɗa su. Makarantarmu tana kudancin Kartum, amma hutuna a Umdurman nake yi, a gidan wani dattijo Bahaushe, tela a babbar kasuwar garin, wanda suka saba da mahaifina a aikin Hajji. Baba nake ce masa. Kakansa yana cikin mutanen da suka baro ƙasar Hausa da ƙafa bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru, da aka kashe shi a Burmi suka ci gaba da nausawa gabas. Baba bai taɓa taka Nijeriya ba, amma yana faɗin kalmomin da sai a bakin kakata na taɓa jin su.

A damunar 2013 zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni a gidansa. Wani abokina ɗan Katsina ya tallabe ni muka shiga raksha, wato a-daidaita-sahunsu, aka gwada jinina, aka rubuta mini magani. Muka nufi wani kantin magani kusa da unguwar Masalma. Mai kantin tsoho ne mai furfura da tabarau, kowa "likita" yake ce masa. Da ya miƙo hannu karɓar takardar na ga ɗan ƙaramin zanen gicciye a wuyan hannunsa, irin wanda Kiristoci Ƙibɗawa suke yi tun suna yara. Ya lissafa kuɗi, muka lalube aljihu, abin da ke hannunmu bai kai rabi ba. Abokina ya fara roƙon a rage mana ƙwayoyin. Tsohon ya dube ni, ina rawar ɗari a cikin zafin Umdurman, ya ce ba a shan rabin maganin zazzaɓi. Ya ce mu tafi da shi duka, in kawo ciko ranar da na samu. Bai rubuta sunana ba, bai tambayi inda nake zaune ba.

Daɗi ya kama ni. Na juya wurin abokina na ce da Hausa, "Ka ga kafirin nan, wallahi ya fi wasu Musulmin kirki."

Hannunsa da ke ƙulle leda ya tsaya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce da Larabci, "Ɗana, ban iya yarenku ba, amma kalma ɗaya na gane. Sunana yana rubuce a allon da ke bakin ƙofa. In ka dawo ka karanta." Ya miƙo mini ledar, ya ƙara da cewa in riƙa shan ƙwayar bayan na ci abinci.

Kwana uku ina kwance, zazzaɓi na sauka, kunya na hawa. Abin da ya fi damuna shi ne, a raina yabonsa na yi. Ban zage shi da niyya ba. Kalmar ta fito ne kamar yadda numfashi yake fita, don da ita na tashi.

A unguwarmu a Kano, kafiri da arne kalmomi ne na yau da kullum. Duk wanda ke Sabon Gari arne ne a wurinmu, ba ruwanmu da ko coci yake zuwa ko bai zuwa ko'ina, kai har Bayarabe mai sallah ba ya tsira wani lokaci. Ga Bamaguje, sunan da masana da yawa suka ce daga Majusu ya samo asali. Ga Nasara, wanda asalinsa Kirista ne, amma muka mayar da shi sunan Bature. Sannan muka ɗauki kalmar muka sa ta aikin da ba ruwansa da addini. In rana ta ƙwalle mu ce kafirar rana. In kaya ya fi ƙarfin aljihu mu ce kafirar tsada gare shi. Uwa takan ce wa ɗanta mai ƙiriniya kafirin yaro, tana faɗa tana dariya. A fagen dambe da wurin farauta kuwa, a ce wa mutum arne kirari ne, ana nufin ba shi da tsoro kuma ba shi da tausayi. Mai karatu ya lura da abin da ke ƙarƙashin duk wannan: a kunnen Bahaushe, kafiri shi ne abin da ya wuce iyaka, abin da ba ya jin bari. Saboda haka ranar da muka ɗora kalmar a kan mutum mai rai, ba aƙidarsa kaɗai muka faɗa ba, mun haɗa masa da duk wancan kaya. Shi ya sa ma na yi mamakin kirkin likitan. Da ban ɗauka tun farko cewa irinsa ba sa kirki ba, me zai sa in yi mamaki?

Ina kwancen nan na tuna wani darasi da malaminmu na lugga ya yi mana a kan tushen kalmar, haruffa uku: kaf da fa da ra. Asalin ma'anarsu rufewa ko lulluɓewa. Larabawan farko suna kiran dare da wannan suna don yana rufe komai da duhunsa, suna kiran manomi da shi don yana rufe iri da ƙasa. A aya ta 20 ta Suratul Hadid, malaman tafsiri da yawa sun fassara jam'in kalmar da manoma. Kaffara ma daga nan ta fito, don tana rufe zunubi. Wanda aka yi wa alheri ya binne shi, Larabawa suka ce ya kafirce wa ni'ima, mu kuma muka ce butulu. Ranar da aka yi darasin na rubuta shi don jarrabawa. Yanzu sai ya dawo mini da tambaya: in da wannan ma'anar ta asali za a auna abin da ya faru a kantin nan, wane ne aka yi wa alheri ya lulluɓe shi da baƙar magana?

Kada a ɗauka ina neman a goge kalmar daga littafi. Tana cikin Alƙur'ani, har akwai sura guda mai wannan suna. Tana cikin fiƙihu, da hukunce-hukuncenta a babin aure da gado da jana'iza. Ni Musulmi ne, na yi imani da abin da na yi imani da shi, likitan ma ba a koya masa a cocinsu cewa ina kan daidai ba. Amma Littafin da ya zo da kalmar shi ne kuma ya kira Yahudu da Nasara Ma'abota Littafi, ya halatta mana abincinsu da auren matansu masu kamun kai, ya ce in za a yi muhawara da su a yi ta hanya mafi kyau. Mariyatul Ƙibɗiyya, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), daga cikin mutanen likitan nan ta fito. Hukuncin da malami yake karantarwa a zaure daban, sunan da kake kiran maƙwabcinka da shi a kasuwa daban. Ni na haɗa su wuri ɗaya, alhali ba alƙali ba ne ni, kuma ba wanda ya kawo mini ƙara.

Da na sami sauƙi na ba Baba labari. Bayan isha'i ne, muna zaune a tsakar gida kan gadajen igiya, yana shan gahawa mai citta. Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Yaro, ka san dalilin da ya sa ake ce wa unguwar nan Masalma?"

Na ce, "A'a, Baba."

Sai ya ba ni tarihin, wanda daga baya na tarar da shi haka a littattafai. Muhammad Ahmad ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a 1881, ya ci Kartum a ranar 26 ga Janairu 1885, ya mayar da Umdurman mazauninsa, ya rasu a watan Yunin shekarar. Halifansa Abdullahi ya ci gaba da mulki. Kiristoci da Yahudawan da suka faɗa hannun daular aka sa su karɓi Musulunci, aka zaunar da su a unguwa ɗaya, aka kira su Masalma, wato waɗanda suka musulunta. Bayan yaƙin Karari a Satumbar 1898, da daular ta faɗi, da yawansu suka koma addininsu, amma sunan ya zauna. Shi ya sa za ka ga coci a unguwar da sunanta yake nufin musuluntattu.

Baba ya ce, "Ni mahaifina Ba'ansare ne, da son Mahadi aka yaye ni, har gobe ina zuwa ƙubbarsa. Amma gaskiya ɗaya ce. A zamanin nan ba Kirista kaɗai ake kira da sunan da ka kira likita ba. Turkawan da suke mulki Musulmi ne, da shi aka kira su. Duk malamin da ya ce bai yarda da Mahadi ba, da shi aka kira shi, ko da ya haddace Alƙur'ani. Kai da kanka, da a lokacin ka zo da karatun nan naka ka tsaya gardama, da sunanka ke nan. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai."

Bai tsaya a tarihin kakanni ba, ya gangaro kan abin da ya faru yana raye, a garin da muke zaune. A Fabrairun 1994 wasu 'yan bindiga suka shiga masallacin Ansarus Sunna a unguwar Saura, nan Umdurman, ranar Juma'a, suka kashe aƙalla mutum 16. A ranar 8 ga Disamba 2000, cikin watan azumi, wani mutum ɗaya ya buɗe wuta a kan masu sallar dare a masallacin Jarafa, a arewacin garin, ya kashe fiye da mutum 20. Shi ma masallacin na Ansarus Sunna ne. Maharin ɗan ƙungiyar da ake kira Takfir wal Hijra ne, masu ganin duk al'umma ta kafirta sai su kaɗai. Baba ya ce, "Ka san Ansarus Sunna, ba wanda ya kai su tsanani a kan tauhidi, mu masu zuwa ƙubba mun sha magana a bakinsu. To sai ga wanda ya fi su tsanani ya zo ya same su a sujada."

Ya kuma ambaci Mahmud Muhammad Taha, injiniyan nan jagoran 'yan Jamhuriyya, wanda yake zaune a Umdurman. Gwamnatin Ja'afar Numeiri ta rataye shi a kurkukun Kobar a ranar 18 ga Janairu 1985 bisa hukuncin ridda, yana tsoho mai shekara fiye da 70, bayan ya fitar da takarda yana sukar dokokin Satumbar 1983. Ni na karanta ra'ayoyinsa, akwai da yawa da ban yarda da su ba ko kaɗan, kuma manyan malamai sun yi masa raddi tun kafin nan. Amma ba a cika wata uku ba aka hamɓarar da Numeiri, a 1986 kuma kotun ƙoli ta Sudan ta soke hukuncin. Takarda ta soku, wanda aka rataye bai dawo ba. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka ɗaura wa igiya.

A daren nan na gane cewa abin da Baba yake nuna mini ba baƙo ba ne a gidanmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi fama da shi tun kafin jihadi. A zamaninsa akwai ɗaliban ilimi da suke tare talakawa suna yi musu tambayoyin tauhidi irin na masana, wanda ya kasa amsawa su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana yi musu raddi. Har malaminsa da yake girmamawa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya saɓa masa a kan kafirta mutum saboda babban zunubi. Daga baya, da yaƙi ya kai Barno, Shehu Muhammadul Amin Elkanemi ya rubuto wasiƙu yana tambayar hujjar da aka kafirta mutanen da suke sallah da azumi da zakka, yana cewa saɓo ba kafirci ba ne. Muhammadu Bello ya ba shi amsa, kuma ya adana muhawarar a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812. Ko wane ɓangare mutum ya fi karkata, zai ga cewa mutanen nan sun ɗauki kalmar da nauyi. Sai da suka yi ta musayar takardu da hujjoji a kanta. Mu jikokinsu kuwa muna jefa ta a kan mai kantin magani, ko a ƙarƙashin hoton wani malami a Facebook, kafin shayinmu ya huce. Ga kuma gargaɗin da ya tabbata daga Manzon Allah (SAW), wanda duk ɗan Islamiyya ya sani, cewa wanda ya jefi ɗan'uwansa da kalmar, to lalle za ta tabbata a kan ɗayansu. Ga labarin Usama ɗan Zaidu, da irin faɗan da aka yi masa don ya yanke hukunci a kan abin da ke cikin zuciyar mutum.

Ranar da kuɗina suka iso daga gida na koma kantin. Na tsaya a bakin ƙofa na karanta allon, sannan na shiga na gaishe shi da sunansa. Na biya bashi, na ba shi haƙuri da Larabcina na makaranta, ina ta haɗa fi'ili da fa'ili kamar mai karanta huɗuba. Ya yi dariya ya sa aka kawo mana shayi. Ya ce, "Ɗana, tun ina firamare nake jin kalmar nan. Wanda ya faɗa mini cikin fushi bai cika damuna ba, gobe zai huce. Kai cikin fara'a ka faɗa. Wato ko ba faɗa, haka nake a wurinka." Ban sami amsa ba, shi ma bai nema ba. Ya tambaye ni ko zazzaɓin ya sake dawowa.

Daga nan na mayar da kantin wurin yada zango duk ranar da na haye Umdurman. Ba mu taɓa yin muhawarar addini ba. In lokacin sallah ya yi shi yake tuna mini, ya nuna mini masallacin da ke bayan layi. A azumi ban taɓa ganin ya sha ko ruwa a gaban masu saye ba.

Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 ina ɗakin kwanan ɗalibai wayata ta fara ruri. An tayar da bama-bamai a Babban Masallacin Kano, kusa da gidan Sarki, an bi masu gudu da harbi. Fiye da mutum 100 suka rasu. Ƙanen mahaifina a can yake sallar Juma'a shekara da shekaru. Sai bayan magariba aka same shi a asibiti, da rai, amma ƙafarsa ɗaya ba ta ƙara daidai ba har ya koma ga Allah. Waɗanda suka yi wannan aiki ba daga Sabon Gari suka fito ba. Mutane ne masu kabbara, waɗanda suka gama yanke hukunci cewa duk wanda ke cikin masallacin nan, da limami da ladan da almajiri, sunansu wanda na kira likita da shi.

Bayan kwana biyu na haye gada, ban ma san abin da ya kai ni ba. Yana hango ni ya fito daga bayan kanta, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ya ji labari a rediyo, kuma ya tuna ni Bakano ne. Ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, gicciyen nan yana kan wuyan hannuna, ya yi mini ta'aziyya irin ta mutanen Sudan, ya tambayi mahaifiyata da sauran dangi ɗaya bayan ɗaya. A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun ranar Juma'a.

Na gama karatu na dawo gida a 2016. A Yulin 2020 na ji a labarai cewa gwamnatin riƙon ƙwarya ta Sudan ta soke sashe na 126 na dokar laifuffuka ta 1991, wanda ya tanadi kisa a kan ridda, ta maye gurbinsa da hukunci a kan mai kafirta mutane. Malamai sun yi ta ce-ce-ku-ce a kai, wasu na yabo wasu na suka, kuma wannan fage ne na waɗanda suka fi ni ilimi. Abin da na sani shi ne doka ba ta kai wa inda tawa matsalar take, don ba a kotu na koyi kalmar ba, a tsakar gida na koye ta. Da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023, Umdurman ta zama fagen fama. Baba ya riga ya rasu kafin nan, Allah Ya jiƙansa. 'Ya'yansa suka gudu Gadarif, su ne suka gaya mini cewa kantin yana rufe, likita ya bi iyalinsa zuwa Masar. Masu harbin juna a titunan garin kuwa, kowane ɓangare da kabbara yake harbi.

Kwanan baya 'yata mai shekara bakwai ta dawo daga makaranta tana ba ni labarin wata yarinya da ta ara mata fensir. Ta ce, "Abba, arniya ce, amma tana da kirki." Har da "amma" ɗin, kamar a bakina ta ɗauka. Na ajiye abin da nake yi na zaunar da ita a cinyata. Ban yi mata wa'azi ba, don ban ga ta inda zan fara wa yarinya bayanin kaf da fa da ra ba. Na dai tambaye ta sunan yarinyar. Ta yi shiru, ta ce ba ta sani ba. Na ce gobe in ta je ta tambaya, ta zo ta gaya mini.

Washegari tun daga zaure take ƙwala mini sunan.

Allah Ya tsare mana harsunanmu, Ya zaunar da Sudan da ƙasarmu lafiya.